Kurakuran da ake yi wajen sabunta manhaja har Linux ya ƙi tashi

Idan ka ce wa apt, kayan aikin saka manhajoji a nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu, ya saka maka manhaja ɗaya, ba ita kaɗai za ta zo ba. Tana jawo laburaren da ta dogara da su, wato fayilolin da manhajoji ke amfani da su tare, wani lokaci har da libc6, wanda kusan duk manhajojin Debian da Ubuntu a kansa suke tsaye. In ya lalace, ko ls, umarnin nuna jerin fayiloli, ba zai yi aiki ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne danna Y don amincewa ba tare da karanta jerin abin da za a cire ba. A 2021 Linus Sebastian, mai tashar Linus Tech Tips a YouTube, ya je saka manhajar wasanni ta Steam a Pop!_OS, wani nau'in Linux, apt ya gargaɗe shi cewa zai cire muhimman manhajoji, shi kuma ya rubuta jimlar amincewar da aka nema. Kafin ka ce kwabo, fuskar kwamfutar ta tafi, sai baƙin allo da rubutu. Ka riƙa fara gwadawa da apt -s install, wanda zai nuna maka abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. Da zarar ka ga libc6 ko systemd (mai tayar da tsarin) cikin waɗanda za a cire, ka dakata.

Masu Arch kuma, wani nau'in Linux da ke amfani da pacman a madadin apt, sukan yi pacman -Sy da sunan manhaja ɗaya, wato su sabunta ita kaɗai, don tattalin data. Na san data da tsada, amma wannan tattalin hasara yake jawowa. Sabon laburare zai shigo ya ture tsohon, alhali sauran manhajojin tsohon suke nema. Da Arch ya koma OpenSSL 3, sabon fitowar laburaren tsaro, a ƙarshen 2022, waɗanda suka yi rabin sabuntawa sun tarar pacman ɗin kansa ya ƙi tashi, yana neman tsohon fayil ɗin libcrypto.so.1.1. Ko dai ka yi pacman -Syu gaba ɗaya, ko ka bari sai ka samu data.

Sai sudo pip install, wato saka laburaren harshen Python da ikon mai kula da tsarin, da ke taka Python ɗin da tsarin kansa yake amfani da shi. Debian 12 ya hana hakan tun 2023, don Allah kada ka tsallake da --break-system-packages. Ka buɗe venv kawai, wato keɓantaccen wurin Python na aikinka.

Kada kuma ka soma babbar sabuntawa batirinka saura kaɗan. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ka fara da dpkg --configure -a, sannan apt -f install. In Linux ɗin ya ƙi tashi ɗungurungum, sai ka shiga da filashin Linux ka gyara ta chroot, umarnin da zai shigar da kai cikin tsarin da ya lalace.