Yadda Ake Auna Ko Mutum, Dabba ko Na'ura na Sane da Kansu

Ba wanda ke iya leƙa zuciyar wani ya ga abin da yake ji, saboda haka alamu ake bi, kuma kowace halitta da irin alamar da ta dace da ita.

Ka fara da mutum. Idan ɗan kabu-kabu ya faɗi kusa da kasuwar Dole aka kai shi asibiti, likita zai duba ko yana buɗe ido, ko yana amsa magana, ko yana motsa gaɓa idan an umarce shi. Wannan shi ne ma'aunin Glasgow na 1974, mai maki daga 3 zuwa 15. Sai dai kada ka ɗauka duk wanda bai motsa ba ya fita hayyacinsa. A 2006 masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen ya umarci wata majinyaciya da ba ta ko ɗaga yatsa ta raya a ranta tana wasan tanis, sai hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna ta bi umarnin kamar mai lafiya.

Dabba kuwa, akwai gwajin madubi da masanin halayyar dabbobi Gordon Gallup ya ƙirƙiro a 1970: a shafa mata launi inda ba ta iya gani sai a madubi, a lura ko za ta taɓa wurin a jikinta. Birin cimfanzi ya ci gwajin, wata giwa ma ta ci a 2006. Kare ba ya ci, amma ban ga laifinsa ba, tunda da hanci yake sanin duniya. Ya fi amfani ka lura ko dabbar tana kāre rauninta, tana kuma haƙura da abinci don guje wa inda ta sha wuya, abin da duk mai jaki a Damagaram ya sani.

Na'ura ce ta fi ruɗarwa. Masanin lissafi Alan Turing ya ba da shawara a 1950 a gwada ta da hira, a ga ko za a iya bambance ta da mutum, amma tun 1966 wata manhaja mai suna ELIZA, wadda juya wa mutane maganarsu kawai take yi, ta sa wasu suka yi zaton tana fahimtarsu. Manhajojin yau daga rubutun mutane suka koyi cewa "ina jin zafi", don haka furucinsu ba hujja ba ce, ko sun ce suna ji ko sun musa. Abin da masu bincike ke dubawa shi ne ginin na'urar daga ciki, ko yana da tsarin da ake dangantawa da sani a ƙwaƙwalwa, kuma har yanzu ba su yi ittifaƙi a kan wane tsari ba ne.