Yadda Tela Zai Ɗinka Wa Kowane Irin Jiki Tufafin Da Ya Dace Da Shi

Shekaru da dama manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka suna tallata kayansu a jikin 'yan mata dogaye sirara kawai, har sai da hukumomi suka sa baki. A shekarar 2006 masu shirya bikin baje kolin tufafi na birnin Madrid sun hana 'yan tallan da ramarsu ta wuce kima hawa dandamali, sannan daga 2017 dokar Faransa ta wajabta wa 'yan talla nuna takardar likita, ta kuma tilasta a rubuta sanarwa a jikin duk hoton tallan da aka gyara da kwamfuta don a rage wa mutum jiki ko a ƙara masa. Tela da mai sayar da ɗinkakkun kaya a Instagram ba sa buƙatar doka kafin su gyara aikinsu, tunda tef ɗin awo a hannunsu yake.

Daga awo ake farawa, kuma a nan ne aka fi yin ganganci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki yankan da aka yi wa siririya a faɗaɗa shi daidai wa daida ta kowane ɓangare, alhali jiki ba haka yake ƙaruwa ba. Faɗin kafaɗa kaɗan yake canzawa tsakanin siririya da mai jiki, amma ƙirji da ƙugu da damtse da cinya suna ƙaruwa sosai, shi ya sa za ka ga riga ta zazzago daga kafaɗa amma tana matse hammata. Saboda haka a auna kowane wuri daban, a auna mutum yana tsaye, a sake duba ƙugu da cinya yana zaune, sannan a bar rarar yadi a cikin ɗinki domin a iya buɗewa idan jiki ya canza bayan haihuwa ko jinya. A kuma gaya wa mai kaya tun farko idan turmin atamfa mai yadi shida ba zai isa salon da take so ba, maimakon a matse ɗinkin a ɓoye.

Harshe ma wani ɓangare ne na sana'ar. Tela ya faɗi lambar awo ya rubuta ta, ba tare da tsokaci a kan tumbi ko rama ba, ko da da wasa ne, domin sau da yawa irin wannan wasan ne ke hana mace komawa shago. Ya dace kuma a tanadi wurin awo mai labule, mace ta auna mace.

Masu buƙata ta musamman su ne aka fi mantawa da su. Kamfanin Tommy Hilfiger ya fara fitar da tufafin yara masu naƙasa a 2016, da maganaɗisu a madadin maɓalli, kuma dabarar ba ta fi ƙarfin ƙaramin shago ba. Wanda ke zama a keken guragu yana buƙatar wando mai ƙugu dogo ta baya, gajere ta gaba, marar aljihun baya da zai goge masa fata. Mai shayarwa kuwa zif ɓoyayye a gaban riga ya ishe ta.

Wajen ɗaukar hoton talla, a nuna salo ɗaya a jikin mutum biyu ko uku masu bambancin ƙira da launin fata, a kuma bar hoton yadda yake, kada a haskaka fatar baƙa da manhaja. Haka nan a girmama iyakar da 'yar talla ta gindaya. Halima Aden, wadda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta yi suna a matsayin 'yar talla mai hijabi, amma a 2020 ta sanar da barin dandamali saboda aikin ya riƙa cin karo da addininta. Don haka kafin ranar ɗaukar hoto a zauna da 'yar talla a daidaita a kan irin mayafin da za ta yafa, da kwalliyar da ta yarda da ita, da kuma wanda zai taimaka mata wajen sauya kaya.