Kayan sawa a ɗakin haya a Legas: yadda na raba su da ƙasa da bango

Daminar farko da na yi a Agege ce ta yi mini karatun. Na zo daga Zariya da akwatunan lefe guda 6, na jera su a ƙuryar ɗaki kamar yadda ake yi a gidanmu, babba a ƙasa, ƙarami a sama, na yafa musu kyalle. Ciki da falo muka kama, a irin dogon gidan nan da ɗakuna ke kallon juna, babu sif a jikin bango, kuma ko mun sayo na katako ba inda zai zauna sai dai gado ya fita. Cikin watan Yuli na buɗe akwatin ƙasa zan ɗauko shadda, sai warin ruma ya buge ni. Fumfuna ta yi fari-fari a kan leshi biyu, zif ya yi tsatsa. Da na kira Gwaggo ina ƙorafi, dariya ta yi ta ce, "Ke 'yar nan, Ikko kika tafi, a can ko gishiri gumi yake yi."

To, 'yar'uwa, abin da za ki fara sawa a ranki ke nan. A Arewa ƙura muke gudu, shi ya sa muke rufe kaya ruf. A nan laima ce abokiyar gaba. Ruwa yakan kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma siminti da bango suna shan danshin nan su riƙe. Duk tsarin da zan faɗa a kan abu ɗaya ya tsaya: kada tufa ta taɓa ƙasa, kada ta jingina da bango, kuma iska ta samu hanyar ratsa ta.

Kafin ki kira kafinta, zazzage komai a kan gado ki kasa uku: na yau da kullum, na Juma'a da biki, da na ajiya. Rigunan sanyi masu kauri da bargon da muka zo da su, ban taɓa neman su ba ko a Janairu, don hunturun Legas bai kai ya kawo ba. Na aika su gida. Atamfar da kika shekara biyu ba ki ɗaura ba, akwai mai buƙata a layinku.

Sai bututun rataya, wanda shi ne rabin aikin. Ki nemi bututun ƙarfe mai kaurin inci 1 wanda ba ya saurin tsatsa, a kafa shi a kusurwar da ba ta haɗa bango da banɗaki ko bayan gida inda ruwan indararo ke zuba ba. Taɓa bangon da bayan hannu da safe, in kin ji sanyi-sanyi ko fenti na kumbura, canza kusurwa. Tsakanin bututu da bango a bar inci 12 zuwa 14, don faɗin hanga ya shiga ba tare da kafaɗar riga ta goga ba. Jallabiya, abaya da dogon kaftani suna son tsayin ƙafa 5 da rabi zuwa 6 daga ƙasa. Kada tsawon bututun ya wuce ƙafa 4 babu abin tallafi a tsakiya, shadda mai sitati tana da nauyi, lanƙwasa shi za ta yi.

Mai gidan da muke haya ya hana a huda bango, ya ce duk ramin ƙusa daga kuɗin ajiyarmu zai cire. Sai maigidana ya kai wa wani mai walda awo, ya haɗa mana mai tsayuwa da ƙafafunsa, ana kwance shi da noti. Mun tashi gida sau ɗaya da shi, a bayan Keke Napep ya tafi. Ki ce a shafa masa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, a kuma sa roba a ƙafafun. Shi kuwa sif ɗin yadi mai zif da ake sayarwa a Oshodi da Balogun, na gwada, ban yaba ba. Sandunansa sirara ne, manyan riguna uku suka durƙusar da shi da tsakar dare har muka zaci ɓarawo ne. Kayan yara kaɗai yake iyawa.

A saman bututun a ɗora falanki ɗaya, a ƙasa kuma a yi kanta mai hawa biyu ko uku, wadda ta tashi daga siminti da aƙalla inci 6. In za ki sayi katako, kasuwar Amu da ke Mushin akwai shi iri-iri, amma ki guji allon nan na garin katako da aka matse, da ya sha laima yake kumbura ya rugurguje. A kantar nake jera atamfa da leshi, kowace na ninke ta da ɗankwalinta a ciki, don neman ɗankwali da safe ya fi komai ɓata mini rai. Ba na tara fiye da 6 a jere, in ba haka ba zaro ta ƙasa rushe sauran ne.

Babbar riga ba a rataye ta. Nauyin aikin wuya yana jan kafaɗa ya ɓata mata tsari. Yadda mai bugu ko mai guga ya ninko ta, haka nake kwantar da ita a falankin sama, amma na cire ledar da ya saka ta, na naɗe ta a tsohon zanen gado na auduga. Leda tana tsare gumi a ciki. Hulunan maigida, kube da zanna, ina cusa ɗaya cikin ɗaya a kwandon roba mai huji-huji. Mayafai da hijabai kuma zoben labule na ɗaura a jikin hanga guda, kowane zobe mayafi ɗaya.

Akwatunan lefe ban yar da su ba, kayan ajiya ne a ciki, sai dai yanzu a kan bulo huɗu da falanki suke, da tazarar tafin hannu daga bango. A kowane akwati ina sa ƙananan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ko gawayi a tsohuwar safa, ina canza shi duk wata a damina. Jakar Ghana-must-go ta tafiya ce, ban yarda da ita a ƙarƙashin gado ba, kyankyasai sun fi mu jin daɗinta.

Maganar kafur kuwa, a kula. Fararen ƙwallayen nan da ake zubawa don asu da kyankyaso, kada su kusanci kayan jariri ko zanen goyo. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, abin da ke da yawa a ƙasar nan, kuma kafur na iya fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Tun da na haihu na daina sayen shi. Turaren wuta da kabbasa sun ishe ni ƙamshi, amma sai tufa ta bushe ƙarau, in ba haka ba ƙamshi da ruma ne za su haɗu, abin ba daɗi.

A watan Yuni wanki kan kwana biyu a igiya bai gama bushewa ba. Kada ki ninke shi da sauran sanyi a jiki. In an kawo wuta ki bi shi da dutsen guga, musamman ƙugu, aljihu da bakin hannu, ki bar shi ya huce kafin ya shiga kanta. Gaban wurin gaba ɗaya labule mara nauyi na saka don ƙura da idon baƙi, ina zuge shi da rana in taga na buɗe. Ranar da rana ta fito sosai a tsakiyar damina, ko girki na ɗora sai na sauke: akwatuna waje, a buɗe, leshi da shadda a inuwa don kada su koɗe, takalman fata a rana, kafin maƙwabta su riga ni igiya.