Yadda Ake Auna Binciken Tattalin Arziki Kan Iyaye Mata Masu Riƙon 'Ya'ya Su Kaɗai

Duk wanda ya ɗauki rahoton bincike da ke cewa wata dokar tallafi ta sa iyaye mata masu riƙon 'ya'ya su kaɗai sun kama aiki, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce: da wa aka kwatanta su? Ƙaruwar masu aiki bayan an kafa doka ba ta isa hujja ba, domin sau da yawa wasu dalilai kan zo tare da dokar a lokaci guda.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. A 1993 an faɗaɗa rangwamen harajin da ake kira EITC, wanda ba ya zuwa hannun kowa sai mai aikin da ke samun ƙaramin albashi. A 1996 aka soke tsohon shirin tallafi na AFDC, aka kawo TANF, wanda ya gindaya sharaɗin aiki, ya kuma ƙayyade wata 60 a matsayin iyakar lokacin da za a ci kuɗin tarayya a tsawon rayuwa. Ana cikin haka tattalin arziki ya haɓaka, har rashin aikin yi ya sauko zuwa kashi 4 cikin ɗari a shekarar 2000. Iyalan da ke karɓar tallafi, waɗanda suka kai miliyan 5 a 1994, sun ragu da fiye da rabi. To, wanne ne daga cikin ukun ya yi aikin?

Domin warware wannan, sai mai karatu ya nemo rukunin da aka ɗauka a matsayin ma'auni. Masana tattalin arziki Nada Eissa da Jeffrey Liebman, a bincikensu na 1996, sun dubi faɗaɗa EITC da aka yi a 1986, suka kwatanta mata marasa aure masu 'ya'ya da takwarorinsu marasa 'ya'ya, tunda yanayin kasuwa ɗaya suke ciki amma masu 'ya'yan ne suka amfana. Sun ga shigar masu 'ya'yan cikin kasuwar aiki ta ƙaru da kusan maki 2.8 cikin ɗari. Bruce Meyer da Dan Rosenbaum ma, a 2001, sun ba rangwamen harajin kaso mafi tsoka a cikin dalilan da suka sa iyayen mata suka ƙara kama aiki. Daga baya Henrik Kleven ya sake bin diddigin alƙaluman, ya ce faɗaɗawar 1993 ce kaɗai ta zo da ƙaruwa bayyananniya, ita kuwa ta cakuɗe da gyaran dokar tallafi da bunƙasar tattalin arziki. A ganina, wanda ya karanta ɓangare ɗaya ya bar ɗayan bai yi wa kansa adalci ba.

Daga nan sai a duba tsawon lokacin da aka bi matan. A Kanada, a shekarun 1990, an gudanar da wani gwaji a lardunan British Columbia da New Brunswick, inda aka raba masu karɓar tallafi gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa rukuni ɗaya tayin ƙarin kuɗi har na shekara uku idan suka riƙe aikin aƙalla awa 30 a mako. Da farko tazarar kama aiki tsakanin rukunan biyu ta fito fili, amma David Card da Dean Hyslop sun nuna cewa bayan ƙarin kuɗin ya ƙare, ta yi ta raguwa har ta kusa gushewa. Rahoton da ya tsaya a shekara ta biyu da wanda ya kai ta shida ba labari ɗaya za su bayar ba.

Abin da na fi so mai karatu ya daɗe a kansa shi ne lissafin da uwar kanta take yi. A ƙarƙashin AFDC, daga 1981, idan mace ta yi wata huɗu tana aiki, kusan duk dalar da ta samu ana zare kwatankwacinta daga tallafinta. A ƙaddara ta zauna da daddare, yara sun yi barci, takardar albashi na gabanta, tana cire kuɗin mai raino da kuɗin mota, sannan ta tarar abin da ya rage bai fi na lokacin da take gida ba. Wadda ta ƙi aiki a irin wannan hali ba lalaci ne ya hana ta ba. Saboda haka a bincika ko marubutan sun ƙididdige abin da ya saura a hannun iyali bayan haraji da kuɗin raino, ko kuwa adadin masu aiki kawai suka ƙirga.

Haka nan a lura da ma'anar "aiki" a cikin rahoton, domin wani binciken yakan ƙirga duk wadda ta yi ko da mako ɗaya a shekara, alhali shirin rangwamen harajin da Birtaniya ta kawo a 1999 awa 16 a mako ya sharɗanta. Sannan a nemi teburin da ya nuna matan da aka cire daga rajistar tallafi ba tare da sun samu aiki ba, domin a rahotanni da yawa adadinsu yana can cikin rataye, kuma sai an kai can ake ganinsa.