Yadda za ki rage ɓarnar yadi a shagon ɗinkinki

'Yan uwa masu ɗinki kun yi ta tambayata ya nake yi shagona ba ya tara bola, to ga shi dai:

1. Daina ɗinka kaya ki jibge, bari sai an yi oda.
2. Auna kwastoma sau biyu.
3. Zana komai da alli a jikin yadin kafin ki ɗau almakashi.

Hattara a nan: in furen atamfar gefe ɗaya yake kallo kar ki juya hannun riga wai don tsimi, a kife zai fito, yadi 6 ya tafi kenan, ni wallahi ya taɓa faruwa da ni ana saura kwana biyu sallah.

4. Ware ƙyallaye buhu biyu, manya daban ƙanana daban.
5. Manyan ki ɗinka jakar saka wa kwastoma kaya, ki huta da leda.
6. Ƙananan ki cusa a filo. Don Allah kar ki ƙona, hayaƙin yadin roba ba kyau.
7. Farin yadin da ya yi kwantai ki kai marinar Ƙofar Mata da ke Kano a rina da baba, amma na auduga fa, na roba ba ya kamawa.