Yadda Za Ka Ɗaga Makinka na GMAT Idan Zaman Farko Bai Yi Kyau Ba

Ranar da ƙanena ya dawo unguwar Nima a Accra da maki 535 a GMAT, wato jarrabawar neman shiga karatun babban digiri na kasuwanci (MBA), ko tuwo bai taɓa ba. Washegari sai ga shi yana haɗa sidi zai sake rajista. Na ce ya tsaya tukuna. Ko ba komai sai an yi kwana 16 ake sake zama, kuma sau biyar kawai aka yarda a cikin wata goma sha biyu.

Da farko ka tabbatar makin ya lalace da gaske. Tun 2023 aka sauya ma'auni, yanzu daga 205 ne zuwa 805, kuma 645 na yanzu kusan daidai yake da 700 na da. Kada wani babban yaya da ya zauna a tsohon tsari ya karya maka gwiwa.

Sai ka buɗe rahoton sakamakonka a mba.com, shafin intanet na masu shirya jarrabawar. Yana nuna inda ka zube a ɓangarori uku: lissafi, fahimtar rubutun Turanci, da nazarin jadawali da zane. Yana kuma nuna yadda ka kashe lokacinka.

Aikin gaske a nan yake. Sayi littafin rubutu guda. Duk tambayar da ka faɗi a gwaji, rubuta dalili: ban san ƙa'idar ba, ko na karanta a gurguje, ko lokaci ya ƙure. Bayan mako biyu littafin ƙanena ya tona masa asiri. Ashe lissafin ya iya, taurin kai ne ke cin sa, sai ya kafe a kan tambaya ɗaya minti biyar. Ɓangaren lissafi tambaya 21 ne a minti 45, wato minti biyu da ɗoriya kowacce, kuma babu kalkuleta. Idan tambaya ta cije, cinka, sa mata alama, ka wuce. An yarda ka gyara amsa uku a kowane ɓangare idan lokaci ya rage, amma barin tambaya ba amsa yana rage maki.

Karatu kuwa, awa ɗaya bayan Asuba kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi. A trotro, wato motar haya, karanta doguwar maƙalar Turanci a waya, ka tambayi kanka me marubucin ke son tabbatarwa.

Gwaji biyu na farko a mba.com kyauta ne. Yi su a zama ɗaya, awa biyu da kwata, waya a kashe. Sai makin gwaji ya kai wanda kake nema sau biyu a jere sannan ka biya kuɗi.

Ana iya zama a gida ta intanet, amma ni na fi son cibiyar jarrabawa. Tsakanin dumso, wato ɗauke wutar lantarki, da hayaniyar gidan haya a zango, mutum bai da tabbas.