Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Yara a Unguwannin Bauchi

Duk wanda ya tashi a cikin garin Bauchi ya san abin da ke faruwa idan azumi ya kai kwana goma. Ana gama shan ruwa yara su bazu lungu-lungu: wannan ya manna gemun auduga ya dogara sanda, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma suna Mairama da Daudu, suna koya wa amarya zaman aure. Ba wanda ya rubuta masu, ba wanda ya tsaya a kansu. Saboda haka mai son kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yara ba baƙon iri zai shuka ba. Aikinsa shi ne ya ɗauki abin da yara suka riga suka iya a tashe da tatsuniya, ya ba shi tsari, ya dawo da shi da rana a gaban iyaye.

Garin nan ma yana da nasa tarihin. Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi daga 1942, ya riƙa shirya wasanni da ɗalibansa yana taɓo matsalolin jama'a. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka fara fita Samaru da ƙauyukan kewaye, su saurari kukan mutane, su mayar da shi wasa, su nuna masu a dandalinsu. Hanyar da za mu bi a nan jikar waɗannan biyun ce.

Neman yarda

Kada a tara yaro ko ɗaya kafin a gama da manya. Ƙungiyoyi da yawa ba rashin kuɗi ne ke kashe su ba, maganar da ta zaga unguwa ce cewa wane yana tara 'ya'yan mutane yana koya masu rawa. Ku fara da mai unguwa, sannan liman, sannan hedimasta da kwamitin iyaye na makarantar da za ku ari filinta. A wurin liman ba dogon bayani ake buƙata ba: "Allah gafarta malam, wasa ne irin na tatsuniya a kan tsafta da zuwa makaranta. Ba mu so a nuna wa kowa sai ka fara gani." Ku kuma cika alkawarin. Gwajin ƙarshe a gayyace shi tare da iyaye biyu ko uku, abin da suka ce a cire a cire shi a lokacin, ba sai an taru a fili ba.

Kowane yaro ya kawo takardar yardar mahaifi ko mariƙinsa. A cikinta a rubuta ranaku da lokacin tashi, da kuma ko an yarda a ɗauki hotonsa. Wanda iyayensa ba su amince ba, kada fuskarsa ta hau Facebook ko TikTok, ko da shi ne ya fi kowa burge mutane.

Yara nawa, manya nawa

Goma sha biyu zuwa sha biyar, masu shekara 9 zuwa 14. Ƙasa da haka, rashin mutum biyu ya rusa gwaji. Sama da haka, rabinsu na zaune suna tsokanar juna. Manya biyu su kasance a wurin kullum, ɗaya lalle mace, kuma kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai a aji. Kowace rawar da za a taka a cikin wasa a ba yara biyu su koye ta, domin da damina zazzaɓin cizon sauro ba ya neman izini, ga tafiyar biki ko ta'aziyya.

Alhamis da Juma'a bayan la'asar su ne suka fi dacewa, saboda yawancin makarantun allo da Islamiyya na hutu a ranakun. A fara ƙarfe huɗu da rabi, a tashi da wuri yadda kowa zai isa gida kafin kiran magariba. Yarinya ta makara sau ɗaya, da wuya a sake barin ta. Mako takwas sun isa wasa ɗaya. Lokacin jarrabawa a dakata gaba ɗaya.

Inda labari ke fitowa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Babba ya zauna a ɗaki ya rubuta shafi goma na nasiha, ya raba wa yara su haddace, ranar wasa su fito suna karantowa kamar hadda, 'yan kallo su watse kafin a kai rabi. Yaro ba ya iya kwaikwayon abin da bai taɓa gani ba.

Mako biyun farko kada a taɓa biro. A zauna a da'ira a tambaye su: me ya fi ba ku tsoro a hanyar makaranta? Wa kuka sani ya daina zuwa, me ya hana shi? Za ku ji maganar talla da ba ta ƙare ba aka hana yarinya abincin dare, da tsallaka titi wajen Wunti a tsakanin kekuna da 'yan acaɓa, da kududdufin da yara ke wanka a ciki da damina, da amai da gudawa. A zaɓi matsala ɗaya tak. A raba su rukuni uku, kowane rukuni ya ƙaga abin da ya faru cikin minti biyar da bakinsa. Mai ba da umarni yana gefe yana rubuta kalaman da suka sa sauran dariya ko suka sa su yin tsit. Waɗannan kalaman su ne wasan.

Daga nan a ɗaure shi: fitowa uku ko huɗu, manyan 'yan wasa kada su wuce biyar, sauran su zama 'yan amshi da mutanen gari. Tsawonsa minti 20 zuwa 25. Mai ba da labari ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", domin da zarar fili ya amsa "Ta zo mu ji ta" an riga an kama hankalinsu. A sa gajeriyar waƙa mai amshi, layi biyu, wadda ke dawowa bayan kowace fitowa, a koya wa 'yan kallo ita tun kafin a fara. Gizo yana da amfani ƙwarai a nan: shi zai yi kwaɗayin, shi zai ƙi wanke hannu, shi cikinsa zai murɗa, a yi masa dariya ba tare da an nuna ɗan kowa da yatsa ba.

Idan wasan ya ƙunshi bayanin lafiya, a tabbatar da shi wurin ma'aikaciyar asibitin unguwa kafin yara su haddace. Misali ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya-wata biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin wannan ƙaramin cokalin na gishiri. A haɗa shi a gaban mutane da cokali na gaske, 'yan kallo suna ƙirgawa da ƙarfi. Yaro ya juya adadin a fili, ya ce gishiri shida, wata uwa za ta iya komawa gida da kuskuren.

Abu biyu a kiyaye. Kada a kwaikwayi wani sananne a unguwa yadda za a gane shi, ko a tafiya ko a magana. Kada kuma a nemi dariya da gurguwar Hausar wata ƙabila ko da naƙasar wani. Bauchi gari ne na Gerawa da Fulani da Jarawa da Sayawa da sauransu, kuma 'ya'yansu duka suna zaune a tabarma ɗaya suna kallo. Gara ma a sa gaisuwa ko amshi da Fulatanci ko wani harshen da ke unguwar.

Murya da tsayuwa

Matsalar yara biyu ce: suna magana da juna maimakon da fili, kuma suna juya wa mutane ƙeya. Maganin ta farko, a jera su biyu-biyu da tazarar taku goma, su yi hirar wasan, kowane mako a ƙara taku biyar har a kai ashirin da biyar. Wanda ya fara ihu daga maƙogwaro a tsayar da shi, ya ɗora hannu a ciki, ya ja numfashi har hannun ya motsa, sannan ya yi magana a hankali yana buɗe baki. Mai ihu muryarsa na dushewa kafin fitowa ta biyu. Maganin ta biyu, a zana layi a ƙasa, a ce kowa ƙafarsa ɗaya ta riƙa kallonsa. A kuma koya masu jiran dariya ta lafa kafin su ci gaba, in ba haka ba magana mafi muhimmanci ta nutse a cikin hayaniya.

Lasifika ɗaya mai batir ta isa, kuma ta mai ba da labari ce kaɗai. Miƙa makirufo daga hannu zuwa hannu yana kashe wasa. In dole sai an ta da janareta, a kai shi bayan gini da doguwar waya.

Kayan wasa

Hula, zani, tsohuwar babbar riga, tire na talla, buta: yawancinsu aro ne daga gida, a rubuta sunan mai kowane abu a mayar masa a ranar. Fuskar kura ko ta Dodo ana yin ta da tsohuwar jarida da sitacin rogo. A dama sitaci cokali uku a ruwan sanyi kaɗan, a zuba tafasasshen ruwa kofi biyu ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a sa gishiri cokali ɗaya don rage fumfuna. A kifa ƙwarya daidai fuskar yaro, a rufe ta da leda, a yayyaga takarda faɗin yatsu biyu, a jiƙa a shimfiɗa. Shimfiɗa shida ake so, amma bibbiyu, ana bari ta bushe a tsakani. Da hunturu yini ɗaya ya isa. Da damina sai ta kwana biyu ko uku, kuma wadda aka yi gaggawar lafta mata duka a zama ɗaya ruɓewa take daga ciki. A yanke ta a ƙarƙashin hanci baki ya kasance a waje, ramukan ido su yi faɗi yadda yaro zai ga ƙasa. Inda malaman unguwa ba su saki jiki da fuskar ba, hula mai kunnuwa da wutsiyar tsumma sun wadatar.

Gemun auduga a ɗinka shi a tsumma a ɗaura da zare ta bayan kunne. Kada sholisho ko wani gam mai ƙarfi ya kusanci fatar yaro. Kwalliyar fuska farar ƙasa da gawayi. Ban da fentin gini, ban da baƙin cikin batir.

Ranar wasa

A share fili mita biyar da mita huɗu, a shata iyakarsa da toka. 'Yan kallo su zauna rabin da'ira rana na bayansu, wato da yamma su fuskanci gabas, in akwai inuwar darbejiya ya fi. Labulen baya: gora biyu masu tsawon mita biyu da rabi, a binne su kamu biyu a ƙasa, a ɗaura igiya, a rataya turmin atamfa ɗaya. Iskar hunturu na mayar da shi kamar tanti ta kayar, don haka a ɗaure ƙasansa da duwatsu ko ƙananan buhunan yashi.

Ƙanana a gaba a kan tabarmi, iyaye mata a gefe ɗaya, maza a baya, kujerun dattawa a gefe inda ba za su tare kowa ba. Tsakanin layin toka da tabarmar farko a bar taku uku, a ja igiya, a zaunar da matasa huɗu a bakinta. Ba a yi haka ba, yara za su riƙa matsowa da gindi kaɗan-kaɗan har 'yan wasa su rasa wurin juyawa, na baya su miƙe, shi ke nan kowa ya tashi tsaye. Kafin a fara, mai fuskar Dodo ya fito da ita a hannu, ya gaishe da mutane, ya sa ta a gabansu. 'Yan ƙasa da shekara biyar sun ga ɗan unguwarsu ne a ciki, ba za su fashe da kuka ba.

Kada a warware labarin. A daidai inda ya ƙulle, misali ga Ladi mai talla da tiren da bai ƙare ba, ga ƙararrawar makaranta, mai ba da labari ya ɗaga hannu kowa ya daskare, ya juyo: "Iyayenmu mata, ku ce mana, yaya za ta yi?" A saurari amsa uku ko huɗu, a gwada biyu nan take, wanda ya kawo shawara in ya yarda ya shigo ya taka da kansa. Minti goma sha biyar sun isa. Mutum ɗaya ya rubuta abin da aka faɗa, a kai wa mai unguwa da hedimasta, bayan wata ɗaya a koma a ji ko an gyara abin da aka koka a kai ko yarinyar ta koma aji. Wannan komawar ita ce ainihin aikin. Ba ita, kallo kawai aka yi.

Wasa ɗaya zai iya zagaya wuri biyar ko shida: makarantun firamare na kusa, tsangaya da izinin alaramma, gidan marayu. Ranar 20 ga Maris ita ce ranar wasan kwaikwayon yara da matasa ta duniya, 27 ga Mayu kuma Ranar Yara a Najeriya, kuma a irin waɗannan ranaku an fi samun sauƙin aron fili.

Kuɗi da ajiya

Abin da ake kashewa kaɗan ne: ruwa, ƙosai ko ƙuli-ƙulin yara, sitaci, kuɗin keke. A buɗe littafi, ɗaya daga cikin iyaye mata ta riƙe kuɗin, a karanta shi gaban kowa duk ƙarshen zango. Kada a sa yara yawon karɓar kuɗi. Mai taimako in ya zo da sharaɗin a rataya hoton ɗan takara, a ba shi haƙuri. Rabin unguwa za su janye 'ya'yansu washegari.

Fuskokin sitaci abincin ɓera ne da kyankyaso, gara kuma ba ta barin gora a ƙasa. A zuba fuskokin a akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora a kan benci, a fito da su su sha rana sau ɗaya a wata. Yaran da suka kai shekara 14 kuma kada a sallame su haka nan: kowane ya ɗauki ƙarami ɗaya ya koya masa rawarsa a zangonsa na ƙarshe, sannan ya koma cikin masu riƙe igiya da kafa labule.